Ruwan da Ya Kaka Ta Ƙi Sha

Yara ne suka fara. Washegarin sunan da aka yi a gidanmu na Koki, 'ya'yan Kawu Umar suka tashi da amai, irin aman nan da ba ya sallama, yaro na tsaye yana wasa sai ki ga ya feso shi. Kafin azahar gudawa ta biyo baya. Matan gida suka ɗora laifin a kan zoɓon suna, mai zoɓo ta ɗora a kan mai ƙanƙara, aka yi ta cacar baki. Kwana biyu yaran suka miƙe suna tsalle-tsalle a tsakar gida kamar ba su ba, kowa ya ce dama ɓacin ciki ne. Ni ma haka na ce, na tattara na koma ɗakina a Gwammaja.

Ko kayan suna ban gama wankewa ba sai ga wayar Kawu Umar da hantsi. Ya ce, "Fanna, ki zo. Ya Kaka ta kwanta."

Ya Kaka kakata ce, ita ta haifi mahaifiyata, a hannunta kuma na tashi bayan mahaifiyar tawa ta rasu. Asalinmu Barebari ne, amma mun daɗe a Kano har yaren ya gudu ya bar mu, abin da ya rage mana na Barno sai sunaye da turaren wuta da hannun rubutun Malam. Turaren na Ya Kaka ne. Daga Koki har Jakara, amaryar da ta tare ba da turarenta ba sai an yi da ita. Mace ce da ko tsintsiyar ɗakinta ƙamshi take yi. Rubutun kuwa na mijinta ne, kakana Malam Bukar, wanda yake rubuta Alƙur'ani da hannu a soron gidan tun ba a haifi uwata ba. Ya haura tamanin, ga ciwon zuciya, ƙafafunsa kullum a kumbure, kullum cikin haɗiyar ƙwayoyin da ke sa shi fitsari.

Da na ɗaga labulen ɗakin Ya Kaka, wari ne ya tare ni. A rayuwata ban taɓa jin wari a ɗakin nan ba. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

Na ruga na kira Husaina, maƙwabciyarmu da ke aikin jinya a asibiti. Tun a hanya na tambaye ta abin da kowa a cikin birni yake tsoron furtawa.

"Kwalara ce?"

"Ba ita ba ce," in ji ta. "An gwada yara da yawa daga lungun nan, ba a same ta ba. Likitanmu ya ce alamun wata ƙwayar cuta ce, noro suke ce mata. Ta cika unguwa."

Har na fara ajiyar zuciya, ta dube ni ta ce kada in yi saurin murna. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Yaro zai yi kwana biyu ya tashi. Tsoho kuwa dama ruwan jikinsa kaɗan ne, kuma ba ya jin ƙishi, sai ya bushe kina zaune kina kallonsa. Ta ce cutar tana bin hannu, tana bin kwano da buta da marfin ƙofa, ko aman da aka yi a kusa da mutum ya isa. 'Yar kwalbar sanitaizar da na zaro daga jaka ta ce in mayar, wannan cutar ba ta san da ita ba, sai sabulu da ruwa, ƙasa da zannuwa kuma sai haipo, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ta duba Ya Kaka, ta ba ni ƙullin gishiri da sukarin da ake damawa a ruwa, ta ce ta dinga kurɓa ba ƙaƙƙautawa.

A tsakar gida ta kama hannuna.

"Fanna, kalle ni. Kada Malam ya shiga ɗakin nan. Ko bakin ƙofa. In ya kamu, da zuciyar nan tasa, ba na jin zai tashi."

Daga nan tsoro ya shige ni, kuma bai fita ba. Na mirgino babban turmin gidan na girke shi a 'yar hanyar da ta haɗa soro da cikin gida, na ware wa Malam butarsa da kwanonsa, na ce duk yaron da na kama ya haura turmin nan sai na karya masa ƙafa. Malam ya leƙo, tabarau a kan karan hanci, ya dubi turmin ya dube ni.

"Yau kuma ni aka yi wa iyaka a gidana? Ke 'yar nan, wa ya naɗa ki mai unguwa?"

"Ni na naɗa kaina. Ka koma ga allonka, tsoho."

Ya yi dariya, don haka muke da shi tun ina yarinya. Amma da dariyar ta wuce ya tsaya yana kallon labulen ɗakin Ya Kaka. Tagar ɗakin tana fuskantar hanyar, saboda haka ya ɗaga murya ya ce, "Ya jikin?" Daga ciki ta amsa da ƙyar, "Da sauƙi, Malam." Ƙarya take yi, shi ma ya sani.

Da yamma sai ga Hajiya Gambo, aminiyar Ya Kaka, ta jawo tsofaffin unguwa sun zo dubiya da kwanon kunu. Na tare su a soro na ce ba shiga. Hajiya Gambo ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Mu da muka yanke miki cibiya, yau ke za ki hana mu ganin 'yar'uwarmu? Wace irin tarbiyya ce wannan?"

"Hajiya, ku yi haƙuri. Ciwon yana kama tsofaffi ne."

"Mu za ki gaya wa? Yanzun nan muka fito daga gaisuwar Malam Musa mai carbi. Shekaranjiya ina ganinsa a bakin masallaci lafiyarsa ƙalau. Amai da gudawa kawai, jiya aka kai shi. Kwana ne ya ƙare, hana dubiya ba ya hana mutuwa."

Ta faɗa ne don ta kunyata ni, amma ni tsoro ta ƙara mini. Malam Musa sa'an kakana ne, kuma ya fi shi lafiya nesa ba kusa ba. Na karɓi kwanon kunun, na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni har suka juya suna Allah wadai da 'ya'yan zamani.

Jinyar ba zan iya kwatanta ta duka ba. Ina canza zani, kafin in shanya wanda na wanke wani ya ɓaci. Hannuwana suka yi fari suka tsage saboda haipo. Duk wannan bai dame ni ba kamar fuskar Ya Kaka. Duk lokacin da na ɗaga ta zan gyara ta, sai ta juya ta kalli bango, hawaye na gangarowa ba sauti.

"Ni da na wanke miki kashi, Fanna. Yau ni ce a hannunki."

"To ai biya nake yi. Ki bar ni in biya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in sa garwashi a kasko in zuba turare, na zuba, warin da ƙamshin suka haɗu suka zama wani abu da ya fi kowannensu muni. Abin da ya fi cin ranta salla. Butarta na gefen gado, za ta lallaɓa ta yi alwala a zaune, kafin ta kai raka'a ta biyu alwalar ta karye. Ta sake, ta sake karyewa. Ta dinga tambayata, "Na yi azahar kuwa? Ta karɓu kuwa a haka?" Na ce ta karɓu, amma wace ce ni da za ta ɗauki fatawata.

Ana nan sai abubuwa suka juya, ko in ce muka zaci sun juya. Da can sai na yi da gaske take kurɓar ruwan gishirin. Yanzu in na ajiye mata kofi na fita shanya, in dawo in tarar babu komai a ciki. Gudawar ta ragu, ta zo ta tsaya cak. Gida ya ɗauki murna. Matar Kawu Umar ta yi guɗa a tsakar gida, Kawu Umar ya fita kasuwa abinsa, na je bakin turmi na yi wa Malam albishir, ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Ya Kaka ta shiga barci, barci mai nauyi, kowa ya ce a bar ta ta huta, gajiya ce. Ni ma na zauna na ci abinci da hannu biyu. Ban tsaya na tambayi kaina ba yaya aka yi mai shan ruwa haka ba ta nemi fo ba ko sau ɗaya, ko don fitsari.

Kiyashi ne suka tona asirin. Da hantsi ina shara na ga sun yi layi daga gindin bango, sun haye butar alwalarta, sun cika bakinta. Na ce me kiyashi suke nema a ruwan alwala? Na ɗaga butar na ji ta cike dam, gefenta yana danƙo. Na ɗiga a tafin hannu na shinshina, na duba. Ruwan gishiri da sukari ne. Duk kofin da na ba ta, cikin butar nan ta juye shi.

Na saki tsintsiya na faɗa kanta. Idanunta sun zurma, leɓɓanta sun tsage, harshenta a bushe ƙamas. Na tsunkuli fatar hannunta yadda Husaina ta nuna mini, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Na girgiza ta ina kiran sunanta, da ƙyar ta buɗe ido.

"Ya Kaka, me kika yi? Me kika yi mana?"

Muryarta kamar daga cikin rijiya. "Abin da ban sha ba ai ba zai fito ba. Kin ga tun jiya alwalata ba ta karye ba."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran. Na ɗebo ruwan a cokali na kai bakinta, ta datse leɓɓa. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na haɗa ta da Allah da Annabi, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Husaina ta zo da gudu da ledar ƙarin ruwa, ta soka nan ta soka can, jijiyoyin duk sun ɓuya. Ta ce sai asibiti, yanzu-yanzu. Da jin haka tsohuwar da ba ta iya ɗaga kai ta damƙe ƙarfen gado da hannu biyu. Mota ba ta shiga lungunmu. Duk wanda za a kai asibiti sai an ɗauke shi an ratsa ta gaban masallaci da teburin mai shayi da majalisar samari kafin a kai titi.

"Ba za a ratsa Koki da ni ina wari ba," in ji ta. "Ku bar ni in gamu da Ubangijina da tsarkina."

Husaina ta ja ni waje. Ta ce tunda tana gane mutane, in aka samu ta sha da baki ko da kaɗan-kaɗan ne jijiyar za ta fito. Za ta je ta nemo ƙaramar allura ta kuma kira Kawu Umar. In har la'asar ba ta sha ba, za a ɗauke ta da ƙarfi, amma ba ta da tabbacin za ta kai titi da rai.

Ban san lokacin da na isa soro ba. Na tsaya daga bayan turmi ina gaya wa Malam, rabi magana rabi kuka, har ina ɗaga masa murya kamar shi ya yi laifin. Shi kuwa ya jawo allo, ya tsoma alƙalami a tawada. Hannunsa da ke rawa ko carbi ya riƙe, da ya hau kan allo sai ya nutsu. Ya rubuta ayoyin waraka har ƙasa, sannan ya ce in kawo masa ruwan nan na Husaina. Na miƙa masa daga nesa, ya wanke rubutun da shi a cikin ƙoƙo, ruwan ya yi baƙi.

"Kai mata. Wannan ba za ta zuba shi a buta ba."

Gaskiyarsa, ayar Allah ba za ta zubar ba. Na shiga da ƙoƙon ina jin kamar an sauke mini kaya. Ƙamshin tawadar ya sa ta buɗe ido.

"Wa ya rubuta?"

"Malam."

Ta kalli ƙoƙon, ta kalle ni. "Ruwan 'yar asibiti ne kika baƙanta. Na san halinki tun kina goye."

"Wallahi shi ya rubuta!"

"In shi ne ya zo ya ba ni."

Ta mayar da ido ta rufe. Nan na tuna abin da kowa a gidan ya sani. Tun aurensu, a haihuwa ko a zazzaɓi, Ya Kaka ba ta taɓa shan rubutu daga hannun kowa ba sai nasa. Shi zai rubuta, shi zai wanke, shi zai yi bisimilla ya tofa ya kai mata baki. Mu yara har tsokanarsu muke yi a kan haka.

Da na fito na same shi tsaye a bakin turmi, ya dafa bango. Ya ji komai ta taga. Ba shi da ƙarfin ture turmin, ƙafafunsa kuma ba za su iya haura shi ba. Da a ce ni ban ɗauke ba, babu yadda zai yi.

"Fanna, ɗauke."

"Malam, ka ji abin da Husaina ta ce."

"Na ji ta. Kunnena bai mutu ba."

"Ta ce ba za ka tashi ba! Ka ji Malam Musa. Ka bari Kawu ya zo a ɗauke ta."

"Za ta kai titi?"

Ya dube ni, babu wasa a fuskarsa, babu faɗa.

"Tana yarinya aka kawo ta gidan nan. Ba za ta mutu da ƙishirwa ina bayan turmi ba. Ɗauke, 'yar nan."

Ina son kakata, ina son kakana, kuma ga shi an bar mini zaɓi ni kaɗai a tsakar gida da rana tsaka, matan gida duk sun maƙale a ƙofofinsu suna kallo. Na ji haushinsu, na ji haushin Kawu Umar da ya tafi kasuwa, na ji haushin tsohuwar da ta ɗauki tsarki ta ɗora a kan rai. Na sunkuya na mirgine turmin.

Na lalubo wani takunkumi da ya rage tun lokacin korona na ɗaura masa a kan gemu. Na ce ya tsaya daga bakin ƙofa ya miƙa hannu kawai. Ya ce to. Yana shiga ya wuce kai tsaye ya zauna a bakin gadonta.

"Ya Kaka," ya ce, "ni ne."

Ta buɗe ido, ta ja mayafi tana ƙoƙarin rufe jikinta. "Malam, fita. Ɗakin ba daɗi."

"Hancina ya tsufa. Saurara. Wa ya gaya miki sallar mara lafiya sai da alwalar da ba ta karyewa? Abin da ya fi ƙarfinki ba a tambayar ki a kansa. Ki yi taimama, ki yi sallarki a kwance yadda kike, ta karɓu. Amma ki hana kanki ruwa har ki mutu, wannan kam sai kin amsa tambaya. Kina gida ɗaya da ni kika yanke wa kanki hukunci ba ki tambaye ni ba?"

Ta fara kuka, ba hawaye, don babu ruwan da zai fito. Ya sa yatsa ya janye takunkumin ƙasa. Na yi ƙara, "Malam!" Bai ko waiwayo ba, ai ba a tofi ta cikin ƙyalle. Ya yi bisimilla, ya tofa a ƙoƙon, ya tallafo kanta, ta kurɓa. Ta sake kurɓa. A kurɓa ta gaba cikinta ya juya, ta kelayo shi duka a kan ƙirjinsa da gemunsa. Shi kuwa ya sa hannun rigarsa ya goge mata baki, ya jira numfashinta ya daidaita, ya sake kai mata ƙoƙon.

"A hankali. Ba sauri muke ba."

Haka ya zauna yana ba ta kaɗan-kaɗan har aka kira la'asar, kuma wannan karon ya zauna a cikinta. Kafin ya fita ya nuna ni ya ce mata, "Duk ƙoƙon da Fanna ta kawo, hannuna ne. Ki sha." Ta gyaɗa kai.

A tsakar gida na tuɓe masa rigar na jefa a haipo, na wanke masa hannu da fuska da gemu da sabulu, na dirza na sake dirzawa har ya ce ko fatar ma zan cire ne. Husaina ta dawo tare da Kawu Umar. Ta ga turmin a gefe, ta ga rigar Malam a bokiti, ta dube ni. Na ɗauka za ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin. Cewa kawai ta yi, "Allah ya tsare," ta shige ɗaki. Wannan karon ta samu jijiya.

Washegari da safe Ya Kaka ta nemi fo. Ban taɓa zaton zan yi murna da fitsari ba, amma ranar har rawa na taka da fo a hannu. Idanunta suka fara dawowa, ta fara yi mini faɗa a kan yadda na ninke mata zannuwa.

Ni kuwa hankalina yana soro. Na mayar da turmin wurinsa, ko da yake na san aikin banza ne. Duk tarin da Malam ya yi sai in ruga bakin turmi in leƙa. In ya tashi zuwa bayan gida sai in bi shi da ido ina lissafin daɗewarsa. Ya ce in daina kallonsa kamar akuyar da za a yanka. Ya sa aka sauko masa da tsofaffin allunan ɗalibansa daga saman rumbu, ya karkaɗe su, ya wuni yana rubutu bai ɗaga kai ba, yana jingina su a bango ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi na wane ne duk waɗannan, ya ce ciniki ne ya buɗe. Da rana na kai masa tuwo, ya ce ba ya jin yunwa. Na tsaya da kwanon a hannu ina kallonsa.

Aka kira la'asar bai fita masallaci ba. Ina cikin ɗauraye ƙoƙo na ji sautin daga soro. Na riga na san sautin aman nan, na yi kwanaki ina jin sa.

Shi bai yi gardamar asibiti ba. Kawu Umar ya goya shi a baya kamar yaro, ƙafafunsa masu kumburi suna reto, muka ratsa ta gaban masallaci da mai shayi da majalisar samari, kowa ya miƙe tsaye yana Allah ya sawwaƙe. A bakin titi, kafin a sa shi a adaidaita sahu, ya yafito ni.

"Allunan suna nan. Ki dinga wanke mata ɗaya-ɗaya. Ki ce ina soro."

"Malam, ni na ɗauke turmin."

"Ni na ce ki ɗauke. Koma, kada ta farka ba kowa."

Na koma. Na wanke allo na kai mata, ta sha. Da safe na wanke wani. Kawu Umar yana kira daga asibiti, yau ya ce an sa masa ruwa, gobe ya ce likita ya rage ruwan don zuciyar ba ta ɗauka, in an ƙara ƙirjinsa ya cika, in an rage ƙodarsa ta tsaya. Ban gane duka ba, na dai gane muryar Kawu tana ƙara yin ƙasa. Na gargaɗi matan gida da yara cewa duk wanda ya yi subutar baki a gaban Ya Kaka ni da shi ne, don Husaina ta ce har yanzu ba ta fita daga haɗari ba, in ta sake barin ruwa za a koma gidan jiya.

Tsohuwar kuwa ba ta da wauta. Ta ce, "Ban ji karatun Malam da asuba ba."

"Muryarsa ce ta dishe."

"Bai tambayi jikina ta taga ba."

"Ya tambaya kina barci."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta karɓi ƙoƙon. Allunan da ke jingine a bango suna ta raguwa. Na ƙarshe-ƙarshen rubutunsu ya karkace, layin yana gangarowa ƙasa, ba irin hannun da na sani ba.

Da hantsi ina zaune a bakin gadonta, na tallafo kanta da hannu ɗaya, ƙoƙon yana bakinta, waya ta yi ƙara a cinyata. Sunan Kawu Umar ne. Na bar ta ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara. Ya Kaka ta janye baki ta ce in amsa mana. Na maƙale wayar a kafaɗa.

Da farko numfashinsa kawai nake ji. Can ya ce, "Fanna, sai haƙuri. Malam ya cika. Muna tahowa da shi."

Na ce, "To." Na ajiye wayar a kan katifa.

"Wane ne?" in ji Ya Kaka.

"Saƙon Malam ne."

"Me ya ce?"

Ƙoƙon ko rabi bai yi ba. Daga waje na fara jin ana jan tabarmi a lungu, wani yana cewa a matsar da babur ɗin nan daga ƙofar gida.

"Ya ce ki shanye."

Ta mayar da bakinta. Tana sha a hankali, tana tsayawa ta huta, tana sake kurɓa, idonta a rufe. Na riƙe mata kai, na cije leɓena, ban bari ko numfashina ya canza ba. Sai da na ga ƙasan ƙoƙon sannan na gaya mata.